Ranar da Aka Fitar da Momolo Daga Gidan Re

Wai an ce taubashina Momolo ya kori matarsa daga ɗaki saboda minsharinta ba ya sauka a inda kunnensa yake so. Haka ake ta yaɗawa daga bakin gadar unguwarmu har kasuwar kifi. Wata tsohuwa mai sayar da albasa ta rantse mini da kabarin mijinta cewa ta ga matar tasa Zanetta tana kwana a cikin kwale-kwale, tana minshari, kifaye suna gudu zuwa teku. Wani ya ƙara gishiri, ya ce Momolo kan tashe ta ne ya murɗa mata kunne kamar yadda yake murɗa kunnen goge, har sai minsharin ya daidaita.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni na isa in faɗa, don a shagona ake soya irin waɗannan labarai tare da kifi. Zanetta tana nan a ɗakinta lafiya lau. Faɗinta ya yi biyun Momolo, kuma duk wanda ya taɓa jin muryarta ya san in akwai mai kwana a kwale-kwale a gidan nan, to ba ita ba ce. Mai minsharin ma shi ne.

Abin da ya faru da gaske ya fi wannan muni, kuma babu mai ba da labarinsa saboda ba shi da ban dariya sosai. Ni kuwa duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in kifar da kaskon mai a kan wani.

Momolo ɗan kawuna ne, tsakar gida ɗaya muka taso a nan Venis. Ni Bastian, mai suyar kifi. An kai mu wurin fada, limamin cocinmu, tare don mu koyi karatu. Ni aka koro ni da rabin ilimi da cikakken duka, shi kuwa wani tsohon makaɗi ya ga tsawon yatsunsa ya ɗauke shi ya koya masa goge. Tun daga nan bai sake yin ƙiba ba. Mutum ne dogo siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, kuma yana da wani baƙin tabo a ƙarƙashin muƙamuƙi inda goge yake zama, wanda tun muna samari nake gaya wa 'yan mata cewa cizon jaki ne.

Ya yi shekara talatin yana kiɗa a garin nan, a coci, a gidan wasa lokacin bikin rufe fuska, a jana'iza, a ɗaurin aure. Amma ku tambayi duk wanda kuka ga dama ko ya taɓa ganinsa. Babu. A konceto goge ɗaya ne ke tsayawa gaba yana ba da waƙa, sauran su yi masa amshi, kuma Momolo ɗan amshi ne na layin baya. A cocin unguwarmu ma kujerarsa a bayan ginshiƙi take. Gwiwar hannunsa kawai ake gani tana fita tana komawa. Mutane da yawa sun san gwiwar nan fiye da yadda suka san fuskarsa.

To, shi Momolo yana da wata cuta, ita ce maganar gidaje. A wurin makaɗa kowane kiɗa yana da gidan da yake fita daga ciki ya yi yawonsa ya koma, kuma shi ya ɗauki waɗannan gidaje kamar gidajen mutane. In ya zauna a shagona sai ya fara: gidan Sol gidan mutanen kirki ne, ka ci ka sha ka yi sallama. Gidan Fa gidan tsofaffi ne masu hira a bakin murhu. Akwai wani gidan ma da ya ce in ka shiga sai ka ji kamar an yi rasuwa ba a gaya maka ba.

“To gidan masu cin kifi ba su biya ba fa?” in ji ni. “Wanne ne a ciki?”

“Kai jaki ne, Bastian,” in ji shi, ya ci gaba.

Amma gidan Re, nan ne aljannarsa. Ya ce goge yana da tsirkiya huɗu, kuma a gidan Re kowace tsirkiya 'yar gida ce. Ko ba ka ɗora mata yatsa ba, ka bar ta a sake, tana amsawa da kanta, katako ya ɗauka, har ka ji abin a haƙoranka. A wannan gida ya rubuta konceto ɗinsa. Guda ɗaya tak. A garin da wasu ke zubo konceto kamar yadda nake zubo sardin daga kasko, shi taubashina ya kwashe shekarun da za a haifi yarinya a aurar da ita yana gyaran guda ɗaya. Dukan dabararsa a kan sakakkiyar tsirkiya ya gina ta: baka yana tsalle tsakanin tsirkiyar da yatsa ke tafiya a kai da wadda aka bari tana ƙara ita kaɗai kamar ƙararrawa. Mu da muke maƙwabtaka da shi mun haddace shi. Kyanwar Zanetta ma ta haddace.

Sai Allah ya kawo rana. Masu yin sabulu na shirin bikin waliyyinsu a cocinmu, kuma yaron da ke tsayawa gaba, wani mai ƙamshin turare da ɗaga hanci, ya bi wani basarake zuwa ƙetaren duwatsu ba ko sallama. Maestro Tita, shugaban makaɗan, ya duba hagu ya duba dama, ya leƙa bayan ginshiƙi, ya ce, “Momolo, wannan abin naka da kake ta damun mutane da shi, ya ƙare kuwa?”

Momolo ya zo shagona. Ya zauna, ya tashi, ya ɗauki kifi ya mayar. Zanetta ta warware tsohuwar rigarsa ta coci ta juya cikinta waje ta sake ɗinkewa. Ni kuma na sanar wa duk wanda ya sayi ko da kan kifi ne cewa gwiwar hannun nan za ta fito da sauran jikinta.

Nan ne Siyor Anzolo ya shigo labarin. Shi ne sarkin masu sabulu, mutumin da ya yi arziki da wanke dattin wasu amma ya manta da nasa kunnen. Ya je cin abinci gidan wani ɗan kasuwa Bajamushe, ya ji ana zancen ƙahonnin tagulla irin na farauta, masu naɗi kamar maciji, da sarakunan can suke sawa a busa musu. A take ya yi odar guda biyu. Ya kuma samo wasu Jamusawa biyu masu gasa burodi a garin nan da suka taɓa busa irinsu a soja. Dole a ji ƙahonninsa ranar biki, a cikin konceto, a gaban masu yin kyandir da suka yi bikinsu da ƙaho ɗaya kacal.

Ina wurin ranar da aka gaya wa Momolo, don na je jin yawan kifin da za a soya na walima. A bayan shagon sabulu ne, wari kamar a suma.

“Ƙaramin gyara ne,” in ji Maestro Tita, yana kallon takalminsa. “Irin wannan ƙahon gida ɗaya ya sani, ba ya shiga wani. Bajamushen ya ce nasu na gidan Elafa ne. To sai mu ɗaga muryar konceto ɗinka rabin taki, daga Re zuwa Elafa.”

“Elafa?” in ji Momolo. “Maestro, a gidan Elafa tsirkiyoyina biyu baƙi ne. Ba za a bar su a sake ba. Kashe abin za a yi.”

“Me yake cewa?” in ji Siyor Anzolo.

“Yana cewa gidan bai yi masa ba, Siyor.”

“Gida? Wane gida? Ni na ce zan ba shi gida?” Ya juyo ga Momolo. “Kai, bawan Allah, rabin taki aka ce. Rabi! Ni in mai saye ya ce in ƙara masa rabin sabulu, zama nake ina kuka? Matsa ka ba ƙahonnina wuri.”

“Siyor, ba a nan take ba. Goge yana da...”

“Goge yana da mai shi, mai shi kuma yana da ciki. In ba za ka iya ba, Tita ya kawo wani ya buga wani abu. Garin nan in ka jefa dutse a kan mai goge zai faɗa.”

Ku ji fa. Mutumin da bai san bambancin goge da murfin tukunya ba. Na buɗe baki zan yi magana, Momolo ya taka mini ƙafa. Ya san ko ya yarda, ko ya koma bayan ginshiƙi har ranar da za a fitar da shi a akwati.

Kwana biyu bai ci abinci ba, Zanetta tana bin sa da tuwon masara kamar mai jinya. A rana ta uku ya shigo shagona idanunsa na ƙyalli.

“Na samu, Bastian! Su sauran su koma Elafa, a sake rubuta musu takardunsu. Ni kuwa zan ɗaure tsirkiyoyina duka huɗun, in ja kowacce sama rabin taki. Yatsuna suna gidan Re, kunnen mutane yana jin Elafa. Gidana zan ɗauka a ka in kai unguwarsu!”

“Kamar katantanwa,” in ji ni.

Bai ko ji ni ba. Ya je ya murɗa kunnuwan gogen nan har katako yana ƙara. Tsirkiyar goge hanjin rago ce, kuma hanjin rago ba ya son a canza masa zama: ka ja shi, ya saki, ka sake ja, ya sake saki. Sai da Momolo ya yi kwanaki yana lallashinsa safe da yamma kafin ya haƙura ya tsaya a sabon wurin. Zanetta ta ce, “Ni da ka lallashe ni haka ko sau ɗaya, da yanzu na zama waliyyiya.” Aka sake rubuta wa 'yan amshi takardu, aka ƙirƙira wa ƙahonni nasu. Tsofaffin takardun gidan Re kuwa Siyor Anzolo ya kwashe, ya ce tunda shi ya sayi sabbin, tsofaffin nasa ne. Ya naɗe sabulu da su. Akwai matar da ta wanke zanin gadonta da abin da aka ƙunso a shekarun Momolo.

Ƙahonnin fa? Suna hanya. Yau suna kan dutse, gobe alfadari ya gurgunce, jibi jirgi ya maƙale a taɓo. Duk gwajin da aka yi, ba su. Jamusawan nan biyu sukan zo su zauna da garin fulawa a gira, su yi “pam, pam” da baki in an zo wurinsu. Ba wanda ya ji muryar ƙahon ko sau ɗaya, daga Maestro har Momolo da duk iliminsa na gidaje.

Sai da safiyar biki suka iso, coci ya riga ya fara cika. Aka buɗe akwati a ɗakin da fada ke sa kaya. Ni ina ciki, don ni ba a hana ni shiga ko'ina in ina ɗauke da kwando. Tagulla tana walƙiya, Siyor Anzolo yana shafa su kamar 'ya'yan da aka haifa masa da tsufa. Babban Bajamushen ya goge baki, ya cika kumatu, ya busa.

Maestro Tita ya yi fari fat. Momolo ya karkata kai kamar kaza ta ji shaho.

“Sake,” in ji Maestro.

Ya sake.

“Wannan ai Re ne,” in ji Momolo a hankali.

“Elafa!” in ji Bajamushe, yana nuna ƙahon. “A garinmu Elafa.”

Dukansu gaskiya suka faɗa. Ashe muryar kiɗa kamar mudu take, kowane gari da nasa. Namu na Venis ya ɗara na ƙasarsu tsayi da rabin taki, don haka abin da suke kira Elafa a can, shi ne Re ɗinmu cif. Da an bar konceton Momolo yadda ya rubuta shi, da ƙahonnin sun shiga kamar don shi aka ƙera su. Duk wannan wahala, duk wannan yunwa, a banza. Momolo ya fara wata irin dariya da ban taɓa jin irinta ba, har fada ya leƙo.

“A kawo tsofaffin takardun!” in ji Maestro.

Siyor Anzolo ya kalli silin.

Ƙararrawa ta fara bugawa. Ba lokacin zagi, ko da yake ni na samu na yi kaɗan. Maestro ya ce dabara ɗaya ta rage: 'yan amshi su riƙe takardunsu na Elafa amma kowa ya sassauta tsirkiyarsa rabin taki, mai kaɗa ogan, babban kayan kiɗan cocin da ba ya sassautuwa, ya naɗe hannu, Momolo kuma ya saki nasa ya koma inda yake tun asali.

“Ka ga, ka koma gidanka,” in ji Maestro yana tura shi waje. “Me kuma kake so?”

Ya fito gaba. Karo na farko mutanen unguwa suka ga Momolo gaba ɗayansa a coci, cikin juyayyiyar riga. Zanetta ta kama hannuna ta matse har yau ɗan yatsana bai miƙe ba. Aka fara, 'yan amshi suka shigo da ƙarfi, ƙahonni suka yi ruri har tattabarun rufi suka watse. Momolo ya ɗaga baka ya shiga, kuma na rantse farkon nan ya yi daɗin da ya sa na manta da yatsana.

Amma hanjin rago ba ya mantuwa. An yi kwanaki ana koya masa zama a sama, yanzu an sake shi farat ɗaya, sai ya fara rarrafawa yana komawa inda ya saba. Na 'yan amshi ma suna motsi, amma su yatsunsu na kan tsirkiya, sai su ɗan zame su rufa wa kansu asiri. Momolo fa? Shi da ya gina komai a kan sakakkiyar tsirkiya, wadda ba yatsa a kanta balle ya gyara? Ƙararrawar nan tasa da yake taƙama da ita ta dinga hawa tana tsami, tana hawa tana tsami, ita kaɗai a tsakiyar coci. Ni da kunnena na mai kifi na ji. Wata mata a gabana ta ce wa 'yarta, “Ashe shi ya sa suke ɓoye shi.”

Kashi na farko ya ƙare. Na biyu shi ne mai tafiya a hankali, wanda babu ƙaho a ciki. Maestro ya ɗaga hannu zai ba da alama. Momolo bai ɗaga baka ba. Ya sauke goge daga wuya, ya kai shi kunne, ya kama murɗa.

A tsakiyar ibada! Fada yana tsaye yana jira, hayaƙin turare yana tashi, manyan masu sabulu a jere cikin kayan ado, shi kuwa taubashina yana ting, ting, ya murɗa, ya saurara, ya sake ting, kamar yana ɗakinsa. Maestro yana raɗa, “Momolo, don girman Allah!” Siyor Anzolo ya yi ja kamar dafaffen ƙaguwa. Wani ya yi tari, wani ya yi dariya. Momolo bai ɗago ba sai da ya bi tsirkiya huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Ni a lissafina an yi bikin Ista sau biyu kafin ya gama.

Sannan ya buga. Ba zan iya faɗa muku yadda abin yake ba, karatuna bai kai can ba. Na dai san masu tari sun daina, yaran da ke guje-guje a baya sun tsaya, har na ji ruwa yana bugun matakalar coci a waje. Zanetta ta saki hannuna. Matar nan da ta yi magana ɗazu ta sunkuyar da kai. Abin bai daɗe ba.

Kashi na uku kuwa, inda ya zuba duk gwanintarsa, Jamusawan nan sun riga sun huta, sun ga Siyor Anzolo yana ɗaga musu hannu, sai suka buɗe wuta. Na ga bakan Momolo yana tsalle, na ga gumi, amma ban ji ko ƙwaya ɗaya ba. Ko tsirkiyar ta tsaya, ko ta sake hawa, Allah kaɗai ya sani, sai ko shi.

To ku faɗa mini, wa ya kamata a kama da laifi? A walima, kan kifin da ni na soya, aka sha ruwan inabi don lafiyar ƙahonni. Aka ɗaga Siyor Anzolo sama kamar ya ci yaƙi. Masu kyandir suka tafi gida da baƙin ciki, abin da ake so ke nan. Da aka zo kan Momolo sai aka ce tsufa ya taɓa masa kunne, bai iya ɗaure gogensa ba, ya tsayar da ibada ya kunyata ƙungiya. Maestro Tita, wanda ya san komai daga farko har ƙarshe, yana zaune yana ta tsotsar ƙayarsa. Na tashi zan yi bayani aka ce mai kifi ya koma wurin kaskonsa. Lahadin da ta biyo baya, Momolo yana bayan ginshiƙi. Bikin da ya zagayo wani yaro suka kawo daga wani gari, ya buga abin da ba wanda ya tuna.

Har yau yana can. Yakan biyo ta shagona da yamma, goge a hammata, ya zauna a kan buhun gawayi. Ni kuma ba na iya barinsa, ai taubashina ne. Rannan shago cike da mutane na ce, “Jama'a, ku matsa wa maigidan Re! Mutumin da ya ɗauki gidansa a ka ya kai unguwar wasu, ya dawo ya tarar an naɗe sabulu da ƙofar. Shekara talatin yana jiran a ji shi, da aka ba shi fili sai ya tsaya gyaran igiya. Momolo, gaya musu, konceto ka buga ko ting-ting?”

Aka fashe da dariya. Ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya zare ƙaya, ya ajiye a gefen faranti.

“Bastian,” in ji shi, “ni dai an taɓa yin rana ɗaya da coci guda ya yi tsit don a ji ni, ko da na tsawon dahuwar ƙwai ne. Kai tun da aka haife ka bakinka bai rufu ba. Faɗa mini wanda ya taɓa yin shiru ya saurare ka, in ban da kifin da ka riga ka soya.”